Yadda Ake Zaɓen Lokacin Sayen Gida ta La'akari da Yanayin Shekara

Mutum kan shafe shekaru yana tara kuɗin sayen gida, amma idan lokacin ya zo sai ya yanke shawara cikin kwana biyu ko uku, bayan ya zagaya ɗakunan sau ɗaya da hantsi, gari garau, dillali yana gaba yana buɗe masa ƙofofi. Abin da ya gani a wannan yini shi ne halin gidan a wata guda, alhali kuwa zai zauna a cikinsa watanni goma sha biyu na kowace shekara. Yanayi yana shafar cinikin gida ta fuska biyu, kuma ya kamata a rarrabe su tun farko. Yana sauya kasuwa, wato yawan gidajen da aka fitar, da yawan masu nema, da ƙarfin kowane ɓangare idan an zo tayi. Yana kuma sauya abin da gidan kansa ke bayyanawa ga mai dubawa. A ganina fuska ta biyu ta fi ta farko nauyi nesa ba kusa ba, domin ragin da ake samu saboda kasuwa ta yi sanyi da wuya ya kai kuɗin gyaran fandishon da ruwa ya ci.

Bari mu fara da kasuwar, tunda ita ce aka fi tambaya a kai. Kusan ko'ina akwai watannin da cinikin gidaje ke tashi da waɗanda yake kwantawa, kuma abin yana maimaituwa shekara bayan shekara. A Amurka da Ingila, gidaje sun fi fitowa kasuwa bayan sanyi ya wuce, daga Maris zuwa Yuni, ciniki ya yi ta ƙulluwa har tsakiyar shekara, sannan ya lafa daga Nuwamba zuwa Janairu. A Ostiraliya, da yake tana kudu da tsakiyar duniya, lissafin juyawa yake yi, kakar cinikinsu ita ce Satumba zuwa Nuwamba. A Japan kuwa watan Maris ne lokacin ƙaura, saboda makarantu da yawancin ma'aikatu suna buɗe sabuwar shekararsu a Afrilu. Wasu masana tattalin arziki biyu, Rachel Ngai da Silvana Tenreyro, sun wallafa bincike a 2014 kan kasuwannin Birtaniya da Amurka, inda suka nuna cewa farashi da yawan ciniki suna tashi tare a tsakiyar shekara, su sauka tare a lokacin sanyi. Bayanin da suka kawo yana da amfani ga kowane mai saye: idan gidaje suka yi yawa a kasuwa, mutum ya fi samun wanda ya dace da bukatarsa daidai, wanda kuma ya samu abin da yake so yakan yarda ya biya da tsada, hakan sai ya jawo wasu masu sayarwa su ma su jira wannan lokacin kafin su fitar da nasu.

Daga nan za a gane cewa kowane lokaci yana ba da wani abu ya hana wani. Idan kasuwa ta cika, akwai zaɓi, amma akwai gasa, kuma dillali zai riƙa gaya maka cewa wani yana nan tafe da kuɗinsa gobe. Wani lokaci ma gaskiya yake faɗa. Idan ta lafa, gidajen kaɗan ne, amma wanda ya bar gidansa a kasuwa a irin wannan lokaci galibi yana da dalilin da ya matsa masa, ko canjin wurin aiki, ko rabon gado, ko wani gini da ya fara yana son ƙarasawa, don haka yakan saurari tayi. Mai bukata ta musamman, kamar wanda dole gidansa ya kasance kusa da wata makaranta, ko wanda ke da tsoho da ba ya iya hawa bene, gara ya nema lokacin da gidaje suka yi yawa, ya haƙura da ragi. Wanda kowane gida mai ɗaki uku a unguwanni da dama zai wadatar da shi, shi ne ke da damar jira har kasuwa ta yi sanyi.

Kada ka ɗauki kalandar wata ƙasa ka ɗora wa inda kake. Abin da ke motsa kasuwa shi ne lokacin da kuɗi ke shiga hannun mutane da lokacin da ƙaura ke yi musu sauƙi. A yankunan noma kuɗi yana zuwa bayan girbi, masu saye su yi yawa, sannan gab da shuka wasu masu kadarori su nemi sayarwa don su samu jari. A garuruwan ma'aikata, hutun ƙarshen zangon karatu da lokacin sauye-sauyen wurin aiki ne ke yin tasiri. Kamfanonin da ke gina rukunin gidaje suna sayarwa kan so rufe lissafin shekararsu da ciniki mai yawa, saboda haka sukan fi sassauci idan ƙarshen shekarar kuɗinsu ya matso. Hanya mafi sauƙi ta sanin kalandar wurinka ita ce ka tambayi dillalai biyu ko uku da ba su san juna ba, wane wata ne wayarsu ta fi yin shiru, kuma wane wata ne ba sa samun zama. Idan amsoshinsu suka zo ɗaya, ka samu abin da kake nema. A nan zan ɗan tsaya in faɗi abin da na yi imani da shi: neman ragi a lokacin da kasuwa ta lafa halal ne kuma hankali ne, amma taya gidan mutumin da rashin lafiya ko bashi ya durƙusar da shi da rabin darajarsa zalunci ne, ko da shi da bakinsa ya ce ya sallama.

Yanzu ga ɓangaren da na fi damuwa da shi. Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ba kowane mai sayarwa ne zai nuna maka wurin ba. Damina ce kaɗai ke nunawa ba tare da an roƙe ta ba. Idan akwai gidan da ya kwanta maka a rai, kuma ana cikin ruwa, ka je ka gan shi ana tsaka da ruwan sama mai ƙarfi, ko cikin awa ɗaya zuwa biyu bayan ya ɗauke, ka kuma sake komawa washegari. Ka fara dubawa tun daga bakin babban titi: shin mota za ta iya shiga layin, shin kwalbati yana ɗaukar ruwan ko ya toshe, kuma ina ruwan unguwar yake nufa. Ka tsaya a ƙofar gidan ka kwatanta tsayin daɓen tsakar gida da na titi, domin idan titi ya fi gida tudu, ruwan maƙwabta duka baƙonka ne. Ruwan da ya kwanta a tsakar gida ya wuce yini guda bai tsotse ba yana nuna ɗayan abu biyu, ko ƙasar laka ce mai riƙe ruwa, ko ruwan ƙarƙashin ƙasa yana kusa sosai, kuma duka biyun suna shafar fandisho da ramin masai. Ka buɗe famfo a banɗaki, ka kora ruwa a masai, ka ga ko yana tafiya da sauri ko yana dawowa, saboda ramin da ya cika da ruwan damina ba ya karɓar komai.

A cikin ɗaki, ka ɗaga kai ka dubi silin, musamman kusurwoyi da wuraren da kwano biyu suka haɗu, ka nemi tabo mai launin ƙasa-ƙasa da ya yi zobe. Sannan ka sunkuya ka dubi ƙasan bango. Danshin da ke hawa daga ƙasa yakan tsaya a kusan mita ɗaya, ya bar layi a jikin bango, fenti ya kumbura, wani farin gari kamar gishiri ya fito, filasta ta riƙa zubowa idan an taɓa. Ka sa tafin hannunka a bangon ka ji ko yana da sanyin jiƙa. Ka buɗe duk wata durowar bango ka shaƙa, domin warin ruma ba ya ɓoyuwa ko da an fesa turare. Ka ƙwanƙwasa katakon ƙofofi da na tagogi, idan ka ji sautin fanko to gara ta riga ka shiga.

Na taɓa raka wani ɗan'uwana duba gida a tsakiyar rani. An sabunta masa fenti, fari tas, sai ƙasan bangon falo da aka manna wa tayil har zuwa ƙugu, abin da muka ɗauka ado ne kawai. Ciniki ya ja saboda takardu, har ruwa ya sauka. Da muka koma bayan wani ruwan dare, mun tarar da layin danshi ya hau saman tayil ɗin da kusan taƙi guda, sabon fentin ya yi ƙuraje, kuma a bayan gida akwai wani kwari da ruwan layuka uku ke bi ta gindin katanga. Wata dattijuwa a maƙwabta ta nuna mana da sandarta inda ruwa ya kai a jikin nata bangon shekara biyu da suka wuce, ta ce, "'Ya'yana, ku tambayi bango, shi ba ya ƙarya." Tun daga ranar, duk sabon tayil ko sabon fenti da na gani a ƙasan bango kaɗai, sai na tambayi dalilinsa.

To idan bukata ta kama a rani fa, ba za a iya jiran ruwa ba? Damina tana barin sawu. Ka duba katangar waje da ta maƙwabta, waɗanda ba a yi wa fenti don sayarwa ba, ka nemi layin laka ko gansakuka da ta bushe. Ka lura da gidajen da aka ɗaga wa dokin ƙofa da bulo ɗaya ko biyu, ko aka jibge buhunan yashi a gefe, domin mutane ba sa wannan wahala a banza. Ka dubi gindin katanga ko ruwa ya zaizaye ƙasa har fandisho ya fito. Manhajar Google Earth ta kwamfuta tana ajiye tsofaffin hotunan tauraron ɗan'adam, kuma da ita mutum zai iya komawa baya ya ga ko filin da aka gina gidan fadama ce ko kududdufi da aka cike. A ƙasashen da hukuma ke fitar da taswirar wuraren ambaliya, kamar yadda hukumar agajin gaggawa ta FEMA ke yi a Amurka, a duba ta kafin a biya ko sisi, tunda ita ce kamfanonin inshora da bankuna ke kallo. Bayan duk wannan, ka zauna da maƙwabta ba tare da dillali ba, ka fi neman waɗanda suka daɗe a layin da kuma 'yan haya, saboda ɗan haya ba shi da abin da zai ɓoye.

Rani ma yana da nasa shaidar da damina ba za ta bayar ba. Rijiya ko burtsatse da ke ambaliya a watan ruwa ba ta gaya maka komai. Ƙarshen rani, lokacin da ruwan ƙarƙashin ƙasa ya kai iyakar saukarsa, shi ne lokacin gwada ta. Ka sa a kunna injin ya yi aiki na tsawon lokaci a gabanka, ka ga ko ruwan zai yanke ko zai fara fitowa da yashi. Idan gidan yana kan ƙasar laka mai kumbura da ruwa ta tsuke da fari, tsagar bango ta fi buɗewa a wannan lokaci. Siririyar tsaga kamar gashi a jikin filasta ba abin tsoro ba ce, amma wadda ta tashi daga kusurwar taga ko ƙofa ta yi karkace, ko ta bi layin bulo kamar matakala, ko ƙofa ta daina rufuwa daidai, wannan aikin injiniyan gini ne ya duba, kuma kuɗin da za ka ba shi kaɗan ne idan aka kwatanta da abin da zai iya tsare maka. Zafi kuma a gwada shi da jiki: ka shiga ɗakin kwana tsakanin ƙarfe uku da biyar na yamma, a kashe fanka da na'urar sanyaya ɗaki, ka zauna minti goma. Ɗakin da bangonsa ke fuskantar yamma yana shan ranar la'asar ya riƙe zafin har tsakar dare, kuma wannan kuɗin wuta ne da za ka riƙa biya muddin kana cikin gidan.

Akwai wani abu game da rana da mutane da yawa ba sa lura da shi. Ba a wuri ɗaya take fitowa ba duk shekara. Wajen 21 ga Yuni tana fitowa ta faɗi a karkace zuwa arewa, wajen 21 ga Disamba kuma a karkace zuwa kudu. Saboda haka tagar da ka gani cikin inuwa a Disamba tana iya zama cikin rana a Yuni, kuma dogon ginin maƙwabci da bai tare komai ba a wata guda yana iya rufe maka hasken da faifan sola ke bukata a wani watan. Ka buɗe kamfas ɗin wayarka ka san inda kowace taga ta dosa.

A ƙasashen da ake dusar ƙanƙara, lokacin sanyi yana nuna ko na'urar ɗumama gida tana aiki, ko iska tana shigowa ta gefen tagogi, da kuma ko bututun ruwa suna da kariya, domin ruwa yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100 idan ya daskare, abin da ke fasa bututu. Sai dai ƙanƙarar tana rufe rufi da tsakar gida, don haka mai saye a wannan lokaci ya nemi hotunan gidan na lokacin zafi da takardun kuɗin wuta da gas na shekara guda cur.

Idan sabon gini ne, ka tambayi watan da aka zuba kankare da watan da aka yi filasta. Ƙarfin kankare a kwana 28 ake auna shi, kuma yana bukatar a riƙa ba shi ruwa a kwanakin farko. Wanda aka zuba cikin tsananin zafi ko busasshiyar iska aka bar shi ba ban-ruwa yakan yi rauni ya tsattsage. Gidan da bai taɓa ganin damina ko ɗaya ba, ba a san halin rufinsa ba tukuna, saboda haka a rubuta a yarjejeniya cewa magini zai gyara duk yoyo da tsagar da suka bayyana cikin shekarar farko.

Yadda za a haɗa fuskokin biyu kuwa shi ne a ba wa neman gida kusan shekara guda, idan hali ya yi. Ka fara zagaye unguwannin da kake so a lokacin da yanayi ya fi tsanani, ko da ba ka shirya saye ba, ka rubuta layukan da ruwa ke ci da waɗanda rijiyoyinsu ke ƙafewa, ka cire su daga lissafi. Lokacin da kasuwa ta cika, ka ga gidaje da yawa don idonka ya san farashi, kana rubuta ranar da ka fara ganin kowanne da kuɗin da aka sa masa. Idan kasuwa ta lafa, ka koma kan waɗanda ba a sayar ba. Gidan da ya wuce kakar ciniki yana nan, ko dai an tsauwala masa kuɗi, ko kuma yana da aibin da wasu suka gani suka janye, kuma aikinka shi ne gano wanne ne daga ciki. Idan kuɗi ne, mai shi ya gaji da jira, tayinka zai samu kunne. Idan aibi ne, ka kawo magini ya ƙiyasta gyaran a rubuce, ka ɗora tayinka a kan wannan takarda, domin hujjar da aka gani da ido ta fi dogon ciniki saurin sauko da farashi.

Duk da haka, kada jiran wata mai araha ya sa ka manta da abubuwan da suka fi yanayi ƙarfi. Ga wanda zai ci bashin banki, kuɗin ruwa yana iya shafe duk ragin da lokaci zai kawo. A Amurka, ruwan bashin gida na shekara 30 yana kusan kashi 3 cikin 100 a 2021, amma kafin ƙarshen 2022 ya haura kashi 7, wanda ke nufin abin da mutum zai riƙa biya duk wata a kan bashi iri ɗaya ya ƙaru da fiye da rabi. Babu wani watan sanyi da ke ba da ragin da ya kusanci haka. Inda kuma hauhawar farashi ke gudu, kuɗin da aka ajiye ana jiran wata shida yana iya rasa darajar da ta fi ragin da ake hange, ga siminti da rodi suna tashi suna jan farashin gidaje. A 2020 ma annobar korona ta rikita kalandar gaba ɗaya, watannin da aka saba ciniki suka wuce mutane suna kulle, kasuwa ta dawo da ƙarfi a rabin shekara na biyu. Haka nan binciken takardun mallaka a ofishin filaye, da aikin lauya da na safiyo, ba su da damina ba su da rani, kuma ba a tsallake su don gudun kada lokaci ya wuce.

Sai a yi lissafi daga baya zuwa gaba. Ka fara da ranar da hayarka za ta ƙare ko ranar da yara za su koma makaranta, ka cire lokacin gyara, ka cire makonnin da binciken takardu da amincewar banki za su ci, waɗanda sau da yawa sukan kai wata biyu zuwa uku, abin da ya rage shi ne watan da ya kamata a ce ka riga ka yi tayi. Gyaran rufi, fenti na waje da haƙar sabon ramin masai duk aikin rani ne, don haka wanda ya karɓi makulli ana saura wata biyu ruwa ya sauka yana da isasshen lokaci, wanda kuma ya karɓa a tsakiyar damina zai zauna da yoyon har ta wuce. Idan dole ta sa za a ƙulla cinikin a rani ba tare da an ga ruwa a kan gidan ba, ka nemi lauyanka ya sa sharaɗin riƙe wani kaso na kuɗin a hannun amintaccen da ɓangarorin biyu suka yarda da shi har sai an yi ruwa mai ƙarfi sau biyu ko uku, a kuma bayyana a takardar irin aibin da za a cire kuɗin gyaransa daga wannan kaso, da ranar da za a miƙa wa mai sayarwa ragowar.